Biri Mai Ganga a Kamazou

Baba Ishaku na cikin ja wa Madam Irene layi a kan taswira, daga Kaduna zuwa Jos, daga Jos zuwa Jalingo har a sauka Serti, sai ga ƙaninta Ben ya shigo da takardun talla sababbi fil, ya zube su a kan tebur. Hoton wani ƙaton goggon biri, wato gorila, ne ya cika takardar. A ƙasa an rubuta da ja cewa duk wanda ya bi su dajin Gashaka zai ga goggon biri da biri mai ganga, ido da ido, cikin kwana uku.

Ishaku ya ajiye biro. Ya ce babu goggon biri a Gashaka, ba a taɓa yi ba. Wanda ke son ganinsa sai ya nausa kudu, duwatsun Kuros Riba, kuma can ɗin ma akwai ma'aikatan da suka shekara goma suna bin sawunsa ba su ga komai ba sai kashi da makwanci.

"Baba, talla ce kawai," in ji Ben yana dariya. "Wa zai tsaya tantance biri da biri?"

Ishaku ya dubi Madam, ita kuwa ta mai da ido kan wayarta.

Shekara ashirin da biyu ya yi a wannan daji yana bin biri mai ganga, wanda 'yan boko ke kira cimpanzi, yana yi wa masu bincike jagora, har gwiwa ta tilasta masa ajiye aiki ya dawo Kaduna wurin 'yarsa a Unguwar Romi. Shekara shida ke nan yana gadin ƙofar wannan ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Barnawa. Da Madam ta ji tarihinsa, ta ce shi zai tsara musu hanya, kuma da shi za a tafi. Tun daga ranar ya daina hawa keke napep, kullum a ƙafa yake zuwa aiki don gwiwar ta saba. Mutum bakwai sun yi rajista, da ƙarfe huɗu na yamma za su zo a yi musu bayani.

Bai gama haɗiye maganar tallar ba Ben ya ce ya zo su leƙa unguwar Kamazou, akwai abin da yake so ya nuna masa.

A wani gida mai jan ƙyaure suka tsaya. Maigidan, wani kakkauran mutum da ake kira Godwin, ya zaga da su baya, inda ake wanke-wanke. A jikin bishiyar mangwaro an ɗaure ɗan biri mai ganga da sarƙa a ƙugu. Bai fi shekara biyu ba. An sa masa rigar ƙwallo ta yara, yana riƙe da robar lemo da hannu biyu, yana kai jikinsa gaba yana dawowa baya, bai ko ɗaga kai ya dube su ba. Inda sarƙar ke gugarsa gashi ya zube, fatar ta yi ja.

Ben ya shiga bayani da fara'a. Ya ce shi ma ya san dajin ba shi da tabbas, ana iya yin mako ba a ga komai ba, kuma kwastoman da ya dawo ba hoto ya zama abokin gaba. Shi ya sa za a sa wannan a bayan mota a wuce da shi kwana ɗaya kafin saura, a ɗaure shi a wata bishiya a gefen daji, a rufe sarƙar da ganye. Baba ne zai kula da shi a hanya tunda ya san halinsu. Kuma idan ma'aikatan daji suka ga tsohon abokin aikinsu a gaban mota, wa zai ce a buɗe baya?

Ishaku ya tambayi Godwin inda ya samo shi. Godwin ya ce wani direban katako ne ya kawo masa, maraya ne aka tsinta.

"Ba a tsintar su," in ji Ishaku. "Uwa ba ta ajiye ɗa irin wannan a ƙasa. Sai an harbe ta, ta faɗo da shi a ƙirjinta, sannan a ɓanɓare yatsunsa daga gashinta. In ƙannenta da mazan garken suka dawo ceto, su ma a harbe su."

"Baba, kana wurin ne?" Godwin ya tambaya yana yatsina fuska.

Ishaku yana wurin, amma ba a wannan karon ba. Kafin ya sa kakin ma'aikatan daji, mafarauci ne, kuma sau ɗaya ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa. Ɗan ya kwana huɗu a cikin kwando bai ci komai ba, ya mutu. Ko matarsa, har ta bar duniya, ba ta ji wannan labarin ba.

Ya ƙi shiga motar Ben. A ƙafa ya fita titi, rana na dukansa, yana magana shi kaɗai har masu sayar da masara suna juyowa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ashe ba saninsa ake so ba. Wata uku yana zana hanya, yana faɗa musu inda ake tsallake kogi da watan da ruwa ke janyewa, ashe fuskarsa kawai ake buƙata, a manna ta a gilashin mota kamar sitika.

Ya tarar da Madam tana jera kujerun roba. Bai zauna ba ya tambaye ta ko ta san abin da ke Kamazou. Ta ce ta sani. Ta ce ita ma ba daɗi take ji ba, amma birin nan ya riga ya bar uwarsa, ko an je da shi ko ba a je ba, a ɗaure yake. Wannan ce tafiyarsu ta farko irin wannan, in ta lalace ba za a yi ta biyu ba, kuma mutum biyar ke cin abinci a ofishin nan, har da shi.

"Ki cire shi daga shirin, Madam. Zan kai su inda birai suke. In Allah ya sa mun gani, mun gani."

"In kuma ba mu gani ba fa, Baba?"

"Sai su dawo sun ga daji."

Ta ce ya je ya wanke fuska ya huce, baƙi sun kusa.

Da ƙarfe huɗu suka cika kujerun: ma'aikatan banki uku, wani likita da matarsa, wani mai ɗaukar hoto, da wata ɗalibar likitan dabbobi mai suna Nafisa da ta zo da littafi da biro. Madam ta gabatar da Ishaku da kirari, ta ce ga mutumin da birai suka sani da suna. Aka yi dariya, aka tafa.

Ya miƙe, ya riƙe bayan kujera. Ya ce hoton da ke takardar ƙarya ne, ba za su ga goggon biri ba. Biri mai ganga kuwa yana nan, amma za su tashi tun asuba, su hau dutse, su ratsa ruwa har ƙugu, ƙudan zuma da ƙananan ƙwari su dame su. Mai yiwuwa su ga sheƙar da ya saƙa a saman bishiya ya kwana, ko tsinken da ya zura a rami ya lashi zuma. Mai yiwuwa su ji yana dukan saiwar bishiya daga nesa. Mai tari ko mura ba zai matsa kusa ba, don cutarmu na kama su.

"Amma in kun ga wani ƙarami shi kaɗai a gefen hanya, yana zaune yana jiran hoto, ku ɗaga ganyen da ke ƙugunsa. Daga Kamazou aka kawo shi, a bayan mota."

Ben ya yi tsalle ya ce tsohon nan ya fara rikicewa. Likitan ya juya ya tambayi Madam ko gaskiya ne, ta kau da kai. Matarsa ta ɗauki jaka. Nafisa ce kaɗai ta ci gaba da rubutu, sannan ta ɗago ta tambayi wane layi ne a Kamazou.

Ishaku ya faɗa mata layin, bai kuma jira a kore shi ba. Ya ciro makullan ƙofa daga aljihu ya ajiye a kan taswirar. Madam ta biyo shi har baranda, ta ce shekara shida ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, abin da zai saka mata da shi ke nan? Ya ce gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Ya sauka matakala.

A bakin titi ya kira Tagwai, wanda ya koya wa bin sawu a da, yanzu kuma babba ne a cikin ma'aikatan dajin. Tagwai ya ce zai sanar da waɗanda ke da ikon karɓar dabbar, amma da wuya su iso kafin jibi, kuma masu ajiye irin dabbar nan da sun ji ƙishin-ƙishin sai su sauya mata wuri. Ishaku ya ce ya ji. Ya kira 'yarsa ya ce ta aiko masa da tabarma da bargo, kada ta tambaye shi dalili yanzu.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa gidan mai jan ƙyaure. Ya zaga ya tabbatar ƙofa ɗaya ce. Ya ari benci wurin mai kanti, ya ajiye daidai inda mota za ta fito, ya zauna ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Ba a jima ba Nafisa ta sauka daga keke napep da ledar ayaba da maganin ciwo, ta gaishe shi ta zauna a ɗaya gefen.

Godwin ya leƙo, ya dube su, ya dubi maƙwabta da suka fara taruwa.

"Baba, me kake yi a ƙofar gidana?"

"Gadi."

"Wa ya ɗauke ka? Har yaushe?"

"An ce jibi," in ji Ishaku. "In sun makara, gata."