Fankar da Frane Ya Bari

Ni dai ban taɓa son aiki a gidan da za a sayar ba. Ka zauna ka gyara abu da zuciya ɗaya, gobe baƙo ya zo ya tsinke ya sa nasa. Shi ya sa da Vesna ta buga mini waya ta ce fankar banɗakin mahaifiyarta ta lalace, na ce ta bar wa mai saye ya ji da ita.

"Ai abin da na faɗa ke nan, Thanasi," in ji ta. "Ɗaki na jiranta a gidana a Adelaide, an gama ɗaure kaya, ita kuwa ta ce ba ta fita daga ramin nan sai an gyara fanka. Don Allah zo ka raba ni da rigimar nan."

Na ɗauki jakar aikin lantarki na tafi, don Teta Zdenka ba wadda ake ƙi wa kira ba ce. Teta, wato gwaggo, muke ce mata duk 'ya'yan Coober Pedy, garinmu na gidajen rami, ko da ba mu haɗa jini ba. Mijinta Frane shi ya haƙa gidan da hannunsa cikin dutse, tun zamanin da shi da mahaifina suke neman ofal, dutsen nan mai daraja, a rami ɗaya. Bara ya rasu. Ƙurar da ya sha shekara da shekaru ce ta cinye masa huhu.

Na sauka matakala na same ta a kicin, ta riƙe kofin kofi ba ta sha.

"Ka yi ƙiba," ta ce. "Matarka na ƙoƙari."

"Teta, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Gaisuwar ke nan. Je ka duba."

Na kunna fitilar banɗaki, fanka ta tashi lafiya lau. Na kashe, ta tsaya nan take.

"Ka gani ko? Tana juyawa!" in ji Vesna. "Me kuma ake nema?"

Ni na gane abin da ake nema. A da, in an kashe fitila fankar kan ci gaba da jan iska na wani lokaci kafin ta yi shiru. Wani ɗan ƙarfe ne ke riƙe mata wuta, rile mai jinkiri, shi ne ya ƙone. Na buɗe gurbinsa sai da na yi tsaki. Frane, Allah ya jiƙansa, ya sassaƙa gurbin a jikin dutse daidai tafin hannunsa, ko ɗan yatsa bai bar wa na baya ba. Duk rilolin da ke cikin motata sun yi kauri.

"Sai na ɗan faɗaɗa bangon," na ce.

"Taɓa bangon nan ka gani, in ban karya maka yatsu ba," in ji Teta.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na fita waje inda waya ke kamawa, na kira mai sayar mini da kaya a birni. Na ce siriri nake so, wanda bai wuce kaurin yatsa biyu ba, mai jure fizgar da injin fanka ke yi lokacin tashi, kuma mai murfi saboda ƙura. Ya tambaye ni wane iri, mai jinkirin tashi ko mai jinkirin tsayawa. Na ce mai ci gaba bayan an kashe.

Bayan kwanaki kaɗan motar haya ta kawo shi. Da safe na koma, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Gidan ya zama kango, hotuna sun bar tabonsu a bango, tebur da kujera ɗaya kawai suka rage a kicin. Rilen ya shige gurbin cif, har na ji daɗi. Na sa sukudireba na juya ɗan maɓallinsa zuwa 'yan mintoci, yadda nake yi wa kowa.

Teta ta zauna a kujerarta, ta juya wa ƙofa baya.

"Kashe fitilar ka taho," ta ce.

Na kashe na taho. Muka tsaya muna jin gunjin fankar ta cikin dutse, can ta yi shiru. Wanda bai taɓa zama a gidan rami ba bai san shiru ba. Ba tsuntsu, ba mota, sai bugun jininka a kunne.

"Ya yi gajere," ta ce.

"Mama, don Allah!" in ji Vesna. "Banɗaki ne fa, ba ramin haƙar ma'adinai ba."

Ni ma raina ya fara ɓaci. Na ciro tsohon rilen daga aljihu don in nuna mata ba bambanci, sai na ga maɓallinsa an murɗe shi har ƙarshe. Bakin da ake sa sukudireba ya cinye, duk ya kakkarce, alamar an sha taɓa shi.

Teta ta miƙo hannu na ba ta. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.

"Da ya haɗa fankar nan, tsere yake yi da ita," ta ce. "Ya kashe fitila, ya goge jiki, ya sa riga, kafin ta tsaya ya zauna nan yana neman kofi. Ranar da ta riga shi, sai in ce, 'Tsoho, yau fanka ta kayar da kai.' Ya ce sannu ba ta hana zuwa."

Vesna ta ajiye kwalin da ke hannunta.

"Da ƙirjin ya fara, sai na ga kullum shi ke ci. Mutum na tafiya yana dafa bango, yana hutawa a ƙofar ɗaki, amma fanka ba ta riga shi. Ashe in na tafi coci sai ya ɗauki sukudireba ya ƙara mata lokaci. Ya ɗauka ban sani ba. Ni da nake jin numfashinsa tun daga lungu!"

"Ba ki taɓa gaya masa ba?" in ji Vesna.

"In gaya masa me? Sai dai in ce, 'Kai, yau ma ka kayar da ita.' Ya yi ta washe baki." Ta ajiye rilen a kan tebur. "Maɓallin ya kai ƙarshe, ba sauran abin ƙarawa. Ran nan ina zaune a nan, kofi ya huce, ta tsaya. Na jira. Bai zo ba."

Wallahi tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Shekaru ina cin abinci a gidan nan ina jin fankar nan, ban taɓa tambayar me ya sa take daɗewa ba. Vesna kuwa ta juya tana kallon bango.

"Wannan sabon naka," in ji Teta, "ina iyakarsa?"

"Yana kai awa goma, Teta. Amma ba mai sa shi haka."

"Kai shi ƙarshe."

Na koma na murɗe shi har ya tsaya, na mayar da murfi. Ta tashi ta wanke kofinta ta kife, ta sa tsohon rilen a jaka, ta ɗaura ɗankwalinta. Ita da kanta ta shiga banɗakin ta kunna fitila, ta kashe. Fanka ta ci gaba.

Muka hau matakala a hankali, Vesna na riƙe da gwiwar hannunta. A waje bututun iskar fankar na huci a saman tudun, yana tura ƙura ja gefe. Na buɗe wa Teta ƙofar motar Vesna, ta shiga ta sauke gilashi, ta karkata kunne.

"Tana yi?"

"Tana yi, Teta."

"To ja mu je, Vesna. Yi sauri, tun Frane bai makara ba."