Igiyar Shanyar Baba Kailu

Ina hawowa bene da robar dege, furar da nake sayarwa, a ka na tarar ƙofar su Raliya a buɗe, gardin gidanmu, wato maigadi, yana balkonsu, barandar gaba, yana naɗe waya a gwiwar hannu. Baba Kailu na zaune kan tabarma da rediyonsa a cinya. Maganar da ke fita ta yanke, sai shuuu kawai.

"Papa, c'est interdit," in ji gardin, bai ko ɗago kai ba.

"Mi ya ce?" Baba ya tambayi 'yarsa Raliya.

"Ya ce an hana, Baba. An yi sabon fenti, Madam Akisi ba ta son ganin eriya a gaban gida."

"Fentin na jin ciwo ne in waya ta taɓa shi?"

Madam Akisi ita ce sindik, wato mai kula da benen namu na unguwar Arras a madadin masu shi. Ni dai ban ga laifinta sosai ba. Kafin fentin nan, gaban gidanmu wayoyi ne da farantan kama tashoshi birjik, kowa da nasa. Amma da gardin ya wuce ta gabana da wayar tsohon a hannu, wallahi raina ya ɓaci.

Baba Kailu mutumin Madawa ne. Da ƙuruciyarsa ya biyo shanu har Abijan, ya zama dillali a kara, bai koma ba. A unguwar Biafra ta nan Abijan ya yi zamansa, gidan tsakar gida, inda ya kafa gora ya ja waya ta bi saman kwano babu mai ce masa kanzil. Da ido ya dushe, ƙafa ta kumbura, Raliya ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinta. Ƙofata na kallon tasu. Ni Salamatu mai dege, haifaffiyar Treichville, mijina ya rasu, 'ya'ya sun watse, bakina kuma ba ya shiru.

Bayan cire wayar nan tsoho ya daina cin abinci. Raliya ta dafa wannan ta dafa wancan, sai ya taɓa ya ture. Ta ɗauko wayar salularta ta nemo masa tashoshin Hausa iri-iri, ya saurara kaɗan ya ce ba ita ba ce. Rannan na dama fura na kai masa da kaina.

"Baba, yanzu a kan rediyo za ka yi mana yaji? Ko amarya ba ta haka."

"Zamna, ɗiyata."

Na zauna. Ya ce duk Alhamis bayan la'asar wata tashar gida tana karanta sanarwar rasuwa. Siminti da ƙarfen benen nan ba sa barin muryar ta shigo, sai an ja waya a waje.

"To Baba, mutuwar mutane ce abin marmari?"

"Ba wadda nika son ji ba ce, wadda ba ni son ji ce." Ya gyara ƙafa. "Akwai Gajere. Tare munka koro shanu munka zo garin ga. Shi ya koma gida, ni na tsaya. Ba shi da ɗa, bai taɓa riƙe salula ba, ƙauyensu ko mota ba ta shiga kullum. Amma mutanen kara ba su barin nasu shi tahi babu sanarwa. Ran da munka rabu a tasha munka yi alkawali: wanda ya ji sunan ɗan'uwansa, shi za ya yi mai sadaka. To duk Alhamis in an karanta sunaye an gama ban ji nashi ba, na san Gajere na nan. Yanzu Alhamis ta wuce, wata ta wuce. Ban sani ba, Salamatu. Kila an karanta ina nan zaune."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Can sai ya ce, "Shanya ma an hana?"

"A gaba an hana. A baya, ta wajen kicin, kowa na shanyarsa."

"Daga tagar kicin ɗinmu zuwa balkonki na baya da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"To madalla. Ita eriya ba ta san gaba da baya ba. Tsawo take so."

Washegari na bar dege na shiga woro-woro, tasin haɗaka, zuwa kasuwar Adjamé. Ya ce mini siririyar wayar tagulla zan nema, irin ta cikin fankar da ta ƙone, da shuɗiyar igiya mai tufka uku irin wadda kowa ke shanya a kai. Na kutsa cikin masu gyaran rediyo da fanka, ana ture ni ina turewa. Wanda ya warware mini wayar ya dube ni sama da ƙasa.

"Tanti, me za ki yi da ita?"

"Miji zan ɗaure," na ce masa. Ya yi dariya ya ƙara mini tsawo.

Aikin kuwa Baba ne ya yi shi, ni riƙo kawai nake. Mutumin da ba ya ganin fuskata sosai, amma da igiya ta shiga hannunsa sai yatsun suka tuna. Ya murɗa tufkar ta buɗe, ya kwantar da wayar a tsakani, ya sake ta rufe, taƙi bayan taƙi. Ya ce igiyar shanu da ya tufka a duniya, da za a haɗa, ta kai Madawa. Da ya gama, ko ni da na ga an sa sai na ƙura ido nake hango jan tagullar. Ya bar jela guda a ƙarshe, ya kankare bakinta da reza, ya ce nan za a naɗa a sandar rediyo.

Raliya ta ɗaura nata gefen a katakon taga, ta jefo mini, na ɗaure a balkona. Muka kunna. Shuuu.

"A mi kika ɗaura?"

"A ƙarfen balko mana."

"Ke ɗiyar nan. Ƙarhe ya shanye maganar. Wayar ba ta son taɓa ƙarhe."

"Yo da ka faɗa tun farko."

Tsohon silifas ɗina ya sa na yanka, na huda shi gida biyu, igiya ta kama huda ɗaya, wani guntun tsumma ya kama ɗayar zuwa ƙarfen. Na dawo na tarar yana murɗa rediyo a hankali, kunnensa a jiki. Sai ga wata murya can ƙasa, tana zuwa tana komawa, Hausar gida tsantsa. Ya ƙara manna kunnensa a jikin rediyon.

Da yamma Madam Akisi ta zagayo ta baya tana duba gini. Na yi maza na baza zannuwana a igiyar. Ta ɗaga kai ta ce sabuwar igiya ta yi kyau, haka ake so, komai a baya. Na ce mata mu ai masu bin doka ne. Da na shiga ciki Baba ya ce maganar ta nutse, me na yi? A nan muka gane jiƙaƙƙen kaya na danne muryar. Daga ranar muka kafa tamu dokar, ni da Raliya: ranar Alhamis ba a wanki.

Alhamis ta zo. Na idar da la'asar na tsallaka. Mai sanarwa ya yi sallama ya fara: wane ɗan wane na gari kaza, wance matar wane. Kowane suna Baba zai ce, "Allah shi jiƙan shi," ko ya san mai shi ko bai sani ba. Wata ya ce ya san ubanta. Ni kuwa sai kasa kunne nake, kamar na taɓa ganin Gajeren. Aka gama, aka sa kiɗa.

Na ce, "To na makonnin da suka wuce fa?"

"Da ya tahi, da yau an yi godiyar masu ta'aziyya. Mutanen kara ba su mantawa da wannan." Ya jingina da bango ya saki numfashi. "Gajere na nan, ja'iri. Raliya, akwai sauran tuwo?"

Haka muka ci gaba har damina ta shigo ta fita. Duk Alhamis ina can. In iska ta sassauta igiyar na ja, in jelar ta yi tsatsa na kankare. Maƙwabta suka fara cewa Salamatu ta sami gidan zuwa. Na ce su ce. A ƙarshen kowace sanarwa maganar ɗaya ce, har na riƙa riga shi faɗa don tsokana, shi kuma ya ce ba bakina aka yi alkawarin da shi ba.

Jikin dai sai ƙara sanyi yake. Asibiti suka ba da magani suka ce a koma gida. Alhamis ta ƙarshe bai iya tashi zaune ba, ni na riƙe rediyon kusa da kunnensa. Da aka gama ya motsa baki, na sunkuya.

"Yana nan," ya ce. Ya huta. "In ni na riga, ku aika a karanta. Kada shi zamna can yana ta cewa Kailu na nan."

"Haba Baba, kai da za ka ci goron jikokin Raliya."

"Ku dai aika."

Da safiyar Litinin ya cika, Raliya na riƙe da hannunsa. Mutanen kara suka zo da yawa, tsofaffi da rawuna da samari masu ƙanshin nama, suka kai shi maƙabartar Williamsville. Da suka dawo na tare babbansu a bakin bene na gaya masa saƙon. Ya ce an riga an aika, nasu ba ya tafiya babu sanarwa.

Ranar Alhamis na shiga bayan la'asar na tarar Raliya ta kunna rediyon tana murɗawa, idonta jawur.

"Tanti, ba ya kamawa. Tun ɗazu nake yi. Ko shi ma ya mutu ne?"

Na leƙa ta taga. Ashe kayan uban ta wanke za a ba da sadaka, ta manta da rana. Riguna da wanduna da rawani, sun cika igiyar tun daga tagarsu har balkona, suna ɗiga.

"Kwashe na gefenki," na ce, na ruga ɗakina.

Na janyo su ɗaya bayan ɗaya, ban tsaya neman bokiti ba, na rungumo su na dawo. Ina shiga muryar na fitowa. Muka tsaya a tsakiyar ɗaki, kowa da jiƙaƙƙun kaya a ƙirji. An karanta wani, an karanta wata. Sannan aka ce Kailu dillali, mutumin Madawa mazaunin Abijan, ya rasu ranar Litinin, ya bar 'ya ɗaya. Raliya ta cusa fuska cikin rigar da ke hannunta.

Na saurari sauran sunayen har ƙarshe, ina cewa Allah ya jiƙansu, har aka sa kiɗa.

"Gajere na nan," na ce a hankali. "Ya ji."

Ruwan babbar rigar Baba ya jiƙa mini zane, yana ɗiga a kan tabarmarsa. Ta taga ana ganin igiyar babu komai a kanta, iska na ɗan kaɗa ta.