Kujerar Chila

A tudun Marcala, idan kofi ya yi kuɗi, abu biyu namiji yake yi: ya sake hula, ya sake akori-kura. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Bana kuwa kofi ya yi daraja, har waɗanda gonarsu ba ta fi filin shanya ba sun fara ɗaga murya a kasuwa. Shi ya sa Don Adalid ya tattaro iyalinsa kaf ranar Asabar, suka hau bas suka gangara birnin Comayagua, da nufin su koma gida cikin sabuwar mota.

Su shida ne, kuma a nan gizo yake saƙar. Akwai shi da matarsa Ondina, da 'yan matansu biyu, Keyla da Nohemí, da mahaifiyarsa Doña Lastenia, wadda ta ɗauki kujerar gaba tamkar gadon ubanta. Ta shidan ita ce Chila, yayar Ondina, mai shekara hamsin da 'yan kai. Zazzaɓin ƙuruciya ya taɓa mata kai, ta girma da hankalin yara, ba ta da magana sai kaɗan. Akori-kura kuwa, komai ƙyallinta, kujera biyar gare ta. Saboda haka tun yaran suna ƙanana Chila take hawa baya tare da buhuna, ta jingina da bayan gilashi, ta rufa leda a ka. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci. Haka kawai aka tashi aka ga ana yi, wanda shi ne mafi munin hukunci a gida.

Bara da damina ruwa ya yi mata dukan kawo wuƙa a hanyar dawowa daga coci, sanyi ya kama mata haƙarƙari, ta yi kwanan asibiti har aka kira fadan coci ya yi mata addu'ar ƙarshe. Ta tashi, amma likita ya faɗa wa Ondina ba ɓoye-ɓoye cewa huhun nan ba zai ɗauki irin wannan karo na biyu ba. Maganin da Adalid ya kawo mai sauƙi ne: a riƙa barinta a gida. Tun daga nan duk Lahadi Chila takan sa takalmin cocinta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar har ta ɓace. Ondina ta haɗiye wannan har maƙogwaronta ya gaji. Abin yana ci mata rai, kuma ta daina yi wa kanta ƙaryar cewa ba komai.

Suna shiga filin sayar da motocin, Adalid ya miƙe kamar an ja shi da igiya zuwa wajen wata akori-kura mai manyan tayoyi. Dillalin, wani mai suna Marlon da ya sha man gashi, ya tare shi da fara'ar da ake yi wa manomin da ya sayar da amfani.

"Don Adalid, ido ba mudu ba ya san kima. Wannan motar maza ce. Ka loda mata buhu har sama, ta hau dutse tana waƙa."

"Ka ji ko, Ondina?" in ji Adalid yana shafa ƙofar.

Ondina ba ta ji ba, don tana can gefe ta buɗe ƙofar wata babbar jif mai ruwan toka, ta zura kai ciki. Layi uku ne na kujeru. Ta danna wani abu, kujerar tsakiya ta kwanta gaba. Ta shiga can ƙurya ta zauna, ta miƙe ƙafa ta ga ko babba zai iya zama ba tare da gwiwa ta taɓa haɓa ba. Ta fito, ta duƙa ta leƙa ƙarƙashi, don ta san ramukan hanyar gonarsu kamar yadda ta san haƙoranta.

"Malam Marlon, wannan duka tayoyin huɗu suna ja?"

"Suna ja, Doña. Sai dai ita ta iyali ce."

"To mu garken shanu muka yi maka kama?"

Marlon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Adalid ya ƙaraso yana shan kunu, ya rage murya.

"Mun gama wannan maganar a gida. Ina zan sa buhuna a wannan akwatin? Ga shan mai kamar rijiya."

"Tsohuwar motar tana nan. A gyara ta, ta ci gaba da ɗaukar buhuna, ai su ba sa tari."

"Kuma in shiga ƙungiyar manoma da motar kai yara makaranta? Abokaina su Nahún da Wilfredo su samu abin dariya har kaka mai zuwa?"

"Yauwa, yanzu ka faɗi gaskiya. Ba buhu ba ne, Nahún ne. To Nahún ne ya kwana a ƙasan asibiti, ko ni?"

"Zan sa mata tamfol a baya. Mai kyau, mai ƙarafuna."

"Akuya ake sa wa tamfol, Adalid."

Doña Lastenia, wadda ta samu kujera a inuwa tana cin rosquilla, wani biskit na masara, daga jakarta, ta karkaɗe garin daga cinyarta ta sa baki.

"Ke Ondina, kina son tayar da ƙura inda babu iska. Chila ta saba. Ita da kanta ta fi son iskar baya. Ɗana ya yi gumi a gona, ki bar shi ya sayi abin da ransa yake so."

"Doña Lastenia, rabin gonar tudu ta Chila ce, babanmu ya bar mana mu biyu. Da hannunta take tsinkar kofin nan. Guminta ma yana cikin motar."

"To ga ta can, ta riga ta zaɓa," in ji tsohuwar, ta nuna da leɓe.

Duk suka juya. Ba wanda ya lura da lokacin da Chila ta sulale. Ta taka taya ta haye bayan sabuwar akori-kurar, ta zauna a wajenta na kullum, ta ciro ledarta daga aljihu ta shimfiɗa a ka, domin hadari ya riga ya haɗo daga wajen duwatsu. Tana murmushi, farin ciki fal fuskarta, don a ganinta an dawo da ita cikin masu tafiya.

Adalid ya buɗe hannuwa. "Kin gani? Ni na ce ta hau?"

Fushi da kunya da tausayi suka taso wa Ondina a haɗe. Ta miƙa wa Keyla jakarta, ta cire takalmanta masu tsini, ta tattare rigar da ta ɗinka musamman don yau, ta taka tayar ita ma. Sai da ta yi nishi biyu kafin ta haye, don ba yarinya ba ce. Ta zauna kusa da yayarta a kan ƙarfen, ta gyara zama.

"Saya, Adalid. Ta yi kyau. Biya mu tafi."

"Sauko, Ondina. Mutane suna kallo."

"Su kalla, ai gwaji ne. Idan mun isa Marcala ka bi ta gaban ƙungiya, ka rage gudu, in gaishe da Nahún. Gobe kuma ka ajiye ni a ƙofar coci daga nan sama. Duk Lahadi, duk biki, duk jana'iza, nan ne wajena. Matar Don Adalid da buhuna."

"Kin haukace ne?"

"A'a. Sabawa kawai nake so in yi. Mamanka ta ce ana sabawa."

Wasu ma'aurata da ke duba ƙaramar mota sun daina dubawa. Mai wankin motoci ya tsaya, tiyo yana zuba a ƙafarsa. Adalid mutum ne da zai iya jure fari da tsutsar kofi da faɗuwar farashi, amma ba ya iya jure a kalle shi. Kunnuwansa suka yi ja. Ya matso jikin motar yana magana ta cikin haƙora.

"Don girman Allah ki sauko, mu yi magana kamar manya."

"Shekara nawa muna magana kamar manya? Yau a nan sama zan yi tawa."

Nohemí, ƙaramar, ta dubi yayarta. Keyla ta ɗaga kafaɗa, ta rataya jakar uwar a wuya, su biyun suka haye. Suka sa innarsu Chila a tsakiya, ita kuwa sai dariya take tana raba musu gefen ledarta, ba ta taɓa yin baƙi da yawa haka ba.

"Papa, yanzu wuri ya ishe ku," in ji Keyla. "Kai da kaka, kujera biyar. Har hularka ta samu tata."

Sai ga yayyafi, manyan ɗigo masu sanyi suna buga ƙarfen. Chila ta yi tari sau ɗaya, ɗan ƙarami. Ondina ta ji tarin, tsoro ya kama ta, ta kusa cewa a sauka. Ta cire mayafin kafaɗarta ta naɗa wa yayarta a wuya, ta rungume ta, amma ba ta motsa daga wurin ba. Ta kafe mijinta da ido. Shi ma ya ji tarin, ta ga ya ji.

Marlon dai dillali ne, ko wacce aka saya shi riba ce, abin da ba ya so shi ne a tafi hannu rabbana. Ya rugo da makulli.

"Don Adalid, ruwa zai sauko. Ku shiga jif ɗin ku fake, mu ɗan zaga da ita. Gwaji kyauta ne, ba wanda ya ce saya."

"Don ruwan kawai," in ji Adalid, ba tare da ya kalli kowa ba.

Aka sauko da Chila. Doña Lastenia ta riga ta kama hanyar ƙofar gaba da sandarta, amma Ondina, ba takalmi, ta riga ta isa. Ta buɗe ƙofar, ta tura yayarta ciki, ta ja bel ta ɗaure mata.

"Wannan wajena ne," in ji tsohuwar.

"A waccan motar. Wannan kujera bakwai gare ta, Doña Lastenia, ki zaɓi wadda ta yi miki cikin sauran."

Tsohuwar ta dubi ɗanta tana jiran ya yi magana. Ɗan ya duƙufa yana gyara madubi kamar ransa ya dogara da shi. Ruwa ya ƙaru, dole ta shiga layin tsakiya tana ƙunƙuni, ta zauna tsakanin Ondina da Marlon, 'yan matan suka wuce can baya.

Suka fita babban titi. Ruwa yana zuba, ciki kuwa shiru da ɗumi. Adalid ya riƙe sitiyari da fuskar wanda aka sa dole, duk da haka Ondina ta ga yadda ya taka mai a hawan gada yana sauraren injin.

Wata babbar mota ta taho daga ɗaya hannun. Chila ta ƙanƙame bel ɗin, ta runtse ido, ta dunƙule.

"Za ta hau mu. Ondina, za ta hau mu."

"Ba za ta hau mu ba, Yaya. Hanyarta daban. Buɗe idonki."

Motar ta wuce. Wata ta taho, ita ma ta wuce. A hankali Chila ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta zauna tana kallon titi yana tahowa, bishiyoyi suna girma suna matsowa, duwatsun gida can gaba cikin hazo. Ta daɗe a haka baki buɗe. Sannan ta juya ta taɓa hannun mai tuƙi da yatsa.

"Adalid."

"Na'am, Chila."

"Kai kullum haka kake gani?"

"Me?"

"Inda za mu." Ta sake duban gaba. "Ni inda muka baro nake gani."

Doña Lastenia ta daina ƙunƙuni. Ondina ta ji hawaye ya taho mata, ta hana shi, don ba ta gama yaƙinta ba, kuma ba ta so a ce da kuka ta ci. Ta dubi madubi, ta tarar da idon mijinta a ciki, ta ƙi kawar da nata. Shi ya fara kawarwa.

Chila tana ta karkata kai gefe, domin takardar farashi da aka manna a gilashin gaba tana daidai fuskarta.

"Malam Marlon, ɓare takardar nan," in ji Ondina. "Tana tare mata hanya."

Marlon ya yi gyaran murya. "Doña, ba a ɓare ta sai an sayi mota. Dokar wajenmu ce."

"Na sani."

Adalid ya ƙara tafiya kaɗan. Sannan ya sa sigina, ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya miƙa hannu ta gaban Chila, ya sa farce a kusurwar takardar. Ta manne sosai, sai da ya yi ta kankara, tana yagewa guntu-guntu, kowa yana kallonsa, har ya cire ta tas. Ya goge wurin da hannun rigarsa.

"Yanzu fa, Chila?"

"Yanzu ina gani," in ji ta. "Ja mu je."