Maɓallan da Tumirah Ta Goge

Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Haka na yi ta ji ta bayan bango a daren nan, kamar ɓera na cin ƙarfe. Ni kuwa duk Surabaya an san ni da son abin mamaki, har ƙashin kifi nake tarawa. Na kwanta ina ƙiyasta ko wani tsohon jirgi ne ya taso daga ƙasan teku.

Da safe na leƙa gidan maƙwabciyata Tumirah. Na same ta da magagari a hannu, rigar nan a cinya.

Kowa a lungunmu ya san rigar. Ta hafsan sojan ruwan Holan ce, baƙa, mai nauyi. Mahaifinta, mai zuba gawayi a jirginsu, shi ya dawo gida sanye da ita a shekarar da aka tayar wa Turawa. Duk watan Suro, farkon shekarar mutanen Jawa, Tumirah takan yi wa rigar turare, ta wanke maɓallan da lemun tsami kamar wuƙar gado.

Jikanta Wagino ne ya kawo wani mai tara kayan soja daga Jakarta, Pak Handoyo, don ya sayar masa da rigar. Jiya ya zo ya dudduba, ya ce zobe biyu na zaren zinariya a bakin hannu alamar laftana ke nan, anka, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, da kambin sarauniya a kan kowane maɓalli kuwa su ne shaidar ta asali ce. Yau zai dawo ya ɗauka, zai aika wa wani a Holan.

Sai ga su. Pak Handoyo ya ɗaga rigar, ya duba maɓallan. Anka na nan a kan kowane maɓalli, amma inda kambi yake an goge shi sumul.

"Mbah! Me kika yi haka?" Wagino ya dafe kai. Mbah yake ce wa kakarsa.

"Aski na yi musu. Zafi ya yi yawa."

"Baiwar Allah, kin kashe rigar," in ji Pak Handoyo. "Ba kambi, wa zai yarda ta sarauniya ce?"

"Yawwa, ka gane. Ba tata ba ce. Tun ranar da babana ya sa ta, ta zama tamu."

"Mbah, wannan fa tarihi ne!"

"Kai da ko wandonka ba ka iya wankewa, kai za ka koya mini tarihi? Su zo da kansu su karɓa, kamar yadda aka karɓo."

Pak Handoyo ya ƙi shan shayin da aka kawo masa, ya fita. Tumirah ta zura rigar, ta kai mata har gwiwa, ta zauna a ƙofar gida tana cin soyayyen rogo.

Sarmi mai sayar da miya ta tsaya, ta sa yatsa a wani ɗan faci zagayayye, daidai girman harsashi, da ke ƙasan aljihun hagu.

"Ni kam Tumirah, shi mai rigar, a me ya koma gida?"