Katakon da Dogo Ya Zaɓo

Dogo ya jawo katakon har bakin gadon Baba Kafinta, yana haki.

"Ga shi, Baba. Maɗaci ne, duba ja!"

Ina tsugune a bakin ƙofa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba, shekara tara ina riƙe masa katako yana sassaƙawa. Amma da ciwo ya kwantar da shi, ya ce a gyara tsohon kwale-kwalensa, sai ya aiki Dogo zaɓen katako. Dogo mijin 'yarsa ne, tela. Har gizagonsa na sassaƙa Baba ya ba shi. Abin ya ba ni haushi.

Baba ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa katakon sau uku. Ƙarar ta fito a dushe. Ɗanye ne. In ya bushe zai tsuke, ruwa ya sami hanya.

Ya dube ni. Na dubi ƙasa.

"To, sannu da ƙoƙari," ya ce wa Dogo.

Da Dogo ya fita wanke hannu, Baba ya ce, "Kai, kunnenka ya mutu ne?"

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ka yi gum."

"Ai shi ka aika."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ji kishi kamar akuya a kan dusa! Shi zai riƙa tsallaka ruwa da jikokina, dole ya koya. Ni kuwa ba na iya kunyata suruki. Bakinka na jira."

Har na tashi raina bai huce ba.

Kwana biyu bayan nan Baba ya cika, da hantsi, katakon na jingine a ɗakin.

Da aka share makoki na sauko da busasshen maɗacin da na ɓoye a rufin ɗakina shekara uku, na kwale-kwalen da nake burin yi wa kaina. Na kai shi bakin ruwa, na tarar da Dogo a gefen tsohon kwale-kwalen.

"Naka ɗanye ne, Yaya Dogo. Buga wannan ka ji."

Ya buga da tafin hannu.

"Ba haka ba. Da gaɓar yatsa."

Gizagon Baba na rataye a kafaɗarsa, na kasa daina kallonsa. Ya sunkuya ya kara kunne a jikin katakon, ya sake ƙwanƙwasawa a hankali.