Ƙofofin Baba Kafinta

Ranar da za a sa hannu a takardar cinikin gidansa, Baba Kafinta ya riga kowa shiri. Tun da hantsi ya kwance ƙofofin ɗakunan nan biyar, ya jingine su a baranda, ya zuba kusoshin a gwangwanin madara. A ganinsa gida ya sayar, wato ƙasa da bango da rufi. Ƙofofi kuwa aikin hannunsa ne, tare za su koma gidan 'yarsa, inda zai ci gaba da zama.

Lauya ta iso tare da mai sayen, wata malamar asibiti mai yawan fara'a. Fara'ar ba ta wuce bakin falo ba, don daga inda ta tsaya tana hango ɗakin kwana da kicin, har da banɗaki.

"Baba, ɓarayi ne suka shigo?" in ji malamar.

"Wane irin ɓarayi, 'yata? Kayana na kwashe."

Lauya ta danne dariya, ta buɗe takardar, ta karanta masa layin da ya ce an sayar da gidan da duk abin da ke kafe a jikinsa. Baba dai ba ya barin magana ta wuce shi haka nan. Ya gyara zama.

"Kujerun fa?"

"Naka ne, tunda ɗauka ake yi."

"Fanka?"

"Wadda ke sama ta gida ce."

"In na ce na fasa?"

"Kafin ka sa hannu kana iyawa. Bayan nan sai da yardarta."

"In ta ce da bakinta ta bar mini ƙofofin?"

"Sai mu rubuta, Baba. Abin da ke takarda shi ake bi."

"To ki duba da kyau," ya ce. "Shekarata talatin da takwas a nan. Ni ma a kafe nake."

Suka yi dariya, shi bai yi ba. Malamar ta je tana shafa ƙofofin, ta lura ɗaya ta ɗan gajarta ta gefe. Nan fa baki ya buɗe. Baba ya ce maginin gaggawa yake yi, bangon ya karkace, shi ya sa ya fere kowace ƙofa daidai karkacewar ɗakinta. Yana cikin bayani muryarsa ta yi ƙasa. Da bakinsa ya faɗa, babu wani gidan da za su shiga. Gidan 'yar tasa ma ƙofofin ƙarfe ne, kuma ya san da haka tun yana kwance su. Gaskiyar magana tsoro yake ji, ya miƙa makulli ya fita, ba shi da sauran dalilin ƙwanƙwasa gidan nan.

Malamar ta dube shi irin duban da take yi wa marar lafiyar da ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Barista, ina da sharaɗi," ta ce. "Ni ban san kan katako ba. A mayar da ƙofofin, amma a rubuta cewa wanda ya yi su zai riƙa zuwa sau ɗaya a shekara yana duba su."

Baba ya ɗaure fuska, wai shi ana ciniki da shi. "Sau ɗaya ba ya yi. Da damina kumbura suke, da rani su saki."

"To sau biyu."

Lauya ta rubuta da biro a ƙasan shafi, ta karanta a fili, ta nuna musu inda kowa zai sa hannu a gefen ƙarin. Baba ya karɓi biron. Kafin ya sa, sai ya ɗora yatsa a kan sabon layin, ya ce wa lauyar, "'Yata, sake karanta mini wannan, a hankali."