Hannun Rigar Ɓarawo

"Ɗaga eriyar nan sama, ɗan sandan banza," in ji Tela daga kan gado. "Ko ita ma sai an kawo maka shaida?"

Sajan ya ɗaga, hoton ya daidaita. Shekara uku rabonsa da ɗakin nan. Ba don matar Tela ta tare shi a bakin famfo ta ce likita ya sallamo mijinta, babu sauran magani ba, da bai zo ba.

Abin da ya raba su abin kunya ne ga masu furfura. Akwai wani shirin barkwanci a talabijin, na wani ɗan sandan ciki da ba ya kama ɓarawo sai bisa kuskure. Da shirin ya ƙare, suka zauna a shagon Tela suna jera kashi biyar mafi lalacewa. Daga na biyar zuwa na biyu babu gardama: wanda akuya ta cinye takardar shaida, wanda aka yi rabin sa'a ana neman makullin ankwa, da ire-irensu. A na ɗaya aka ɓata. Sajan ya ce wanda aka saki mai laifi babu beli. Tela ya ce na satar agogo, don ɓarawon ya shiga gida da riga mai gajeren hannu, ya fito da mai dogon hannu.

"Ƙarya kake," Sajan ya ce masa a gaban jama'a. Ya faɗa wa mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinki bai taɓa cewa gobe ya saɓa ba.

Yau da la'asar tashar ke maimaita na agogon. Tela ya sa an kira wanzami da direba, waɗanda aka ƙaryata shi a gabansu. Suka zauna a tabarma, matarsa na bakin ƙofa.

Sajan ya ƙura wa talabijin ido. Idan hannun rigar bai canja ba, ko dai ya yi wa mai mutuwa ƙarya, ko ya bar shi ya tafi da sunan maƙaryaci.

Ɓarawon ya haura katanga, damatsansa a waje. Kare ya yi haushi, ɗan sandan ya faɗa kwata. Sai ga ɓarawon ya fito a guje, agogo a hammata, hannun riga har wuyan hannu.

"Har da maɓalli!" in ji wanzami.

Tela ya yunƙura, dariya da tari suka haɗe masa. "Shekara talatin kana bincike! Da me kake duba ɓarayin, da ƙeya?"

Sajan ya miƙe, ya cire hularsa. "Ku shaida. Tela gaskiya ya faɗa. Ni ne na zalunce shi."

"Ƙara murya, direba kurma ne."

Ya ƙara, har maƙwabta suka leƙo ta taga.

"To, wanne ne na ɗaya?"

"Na agogo."

"Naka kuma na biyu. Na yafe maka. Uwargida, ba shi ruwa, ya sha wuya."

Ranar ce Tela ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari. Kwana biyu bayan nan ya cika da hantsi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Sajan ya tsaya a ƙofar shagon. Matar Tela na shara a ciki, guntayen zare ja da kore suna taruwa a bakin tsintsiya.